Shekarar da Zali Ta Hana Ni Shuka

Shamuwa ta sauka kan tsamiyar bayan masallaci tun shekaranjiya. Jiya kuma da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya sa mata kwashe shanya a guje, sannan ya watse ko ɗigo bai sako ba. Halinsa ke nan, mun saba. Ina zaune a zaure ina murza 'yan zangarkun da na ware na iri, sai ga yaran lakwal, wato makarantar boko, sun taso, uku sun haɗa kai a kan salula guda suna gardama, kowa na cewa shi ya fi iyawa. Da na gan su sai zuciyata ta koma wata shekara da ba ta yi nisa can ba, shekarar da jikata Zali ta hana ni shuka.

Ni ne Arzika, manomi, a wani ƙauye gabas da Ɗan Kassari. Gonaki biyu gare ni. Akwai 'yar ƙarama a bayan gida, wadda ba ta riƙe mu wata biyu, akwai kuma babbar a tunga, can cikin daji, tafiyar rabin yini a amalanken jaki. Duk garinmu haka muke, abincinmu yana tunga. Ba mai zama can sai ruwa ya sauka, don ko rijiya babu. Ƙasar kuwa rairayi ce, in ta sha ruwa yau, jibi ta bushe. Shi ya sa in aka ce an yi ruwa a tunga, ko tuwo ne a hannunka ajiyewa kake yi ka ɗaura wa jaki amalanke.

Mu uku ne a gida lokacin: ni, da matar ɗana, da ɗiyarsu Zali mai shekara goma. Tsohuwata, kakar Zali, ta riga mu gidan gaskiya. Uban Zali, ɗana na fari, yana ci-rani a Ikko, kuma kafin ya tafi ya bar mini salula irin mai gilashi, wai don mu riƙa jin juna. Ni da ita sai kallo. In na taɓa nan sai can ta buɗe, wata rana har fuskata na gani a ciki ina zare ido. Zali ce mai sarrafa ta, shi ya sa nake ce mata Madam, ita kuma ta ce mini tsohon da bai je lakwal ba.

Daminar da ta gabaci shekarar tsutsa ta shiga zangarku, abin da muka ɗaure bai kai rabin na kullum ba. Kafin bazara ta kankama tsintsiya muke sa wa ƙasan rumbu. Uwar Zali takan fita rijiya tun assalatu kafin layi ya yi tsawo. Sau biyu aka ƙara wa igiyar guga tsawo a shekarar, ruwan da ke fitowa kuma ja ne, sai an bar shi ya kwanta. In ta dawo ta dama fura, irin furar da in ka leƙa kana hango gindin ƙwarya, da ita za mu wuni. Tuwo sai da magariba, shi ma ba kullum ba. Wata rana kwaɗon busasshiyar tafasa ne da ɗan ƙuli-ƙuli, wata rana garin rogo in uban Zali ya yi aike. Jakina, bawan Allah, sai da na zare masa ciyawar rufin ɗakin baya ya ci. Rana kuwa, kai! Tun da hantsi ƙasa ta ɗau wuta, in ka taka ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa, ko ka kore su ba sa tashi.

A watan bakwai na lissafin manoma aka yi wani ɗan ruwa, muka shuka gonar bayan gida. Ta tsiro, ta yi kwana takwas tana kallon sama, ta ƙone. Abin da ya rage mini na iri tulu guda ne, na gauraya shi da toka, na liƙe bakinsa da laka, na ajiye a ƙuryar ɗakina. Ba geron kasuwa ba ne. Irin ubana ne, shi ma wajen ubansa ya gada, gero mai gashi a zangarniya wanda tsuntsu ba ya iya sauka ya ci. A duk garin gida biyu kaɗai suka rage da shi, gidana da gidan Gado, abokina tun na kiwon awaki, wanda muka tsufa muna tsokanar juna. In wannan tulu ya tafi a banza, ba abincin shekara kaɗai na rasa ba, na kashe abin da aka ba ni riƙo. Wata rana da yunwa ta yi yunwa na ga uwar Zali ta tsaya bakin ƙofa tana kallon tulun. Na jawo tabarmata na shimfiɗa a gabansa.

A cikin wannan hali ne Zali ke zuwa lakwal kullum, da guntun allonta da cikinta fayau. Malaminsu, ko Mushe yadda ake ce wa malamin lakwal, Iliya ne, wani siririn saurayi Kirista daga Dutsi, mai haƙuri kamar ba ya jin zafin rana. Ajinsu rumfar kara ce. Yana da wani faifan gilashi mai kama da babbar salula da aka ba lakwal ɗin, da salularsa, yana cajin su da ɗan farantin hasken rana da yake jinginawa a jikin danga. Ranar Laraba da rana yake fito da su, yara su yi layi kowa ya taɓa. Ni dai ban ɓoye ba, na ce wannan ɓata lokaci ne. Yaro da yunwa a cikinsa, a ce ya zauna yana shafa gilashi?

Wata Laraba Zali ta dawo tana dariya har tana riƙe ciki.

"Kaka, yau Mushe ya kama mu duka! Ya nuna muna ragon diraktar, shugaban lakwal ɗinmu, cikin waya, shina cin harawa, shina kaɗa kunne. Ya ce, ragon ga shina da rai? Muka ce e mana, ga shi muna gani. Ya ce, to wa ya ci naman da aka raba ranar Layya?"

"Sai me?"

"Sai ya ce abin da ke cikin waya ba ya tsufa. In an nuna muna abu, mu tambaya wa ya ɗauka, kuma yaushe."

Na ce, "Madam, wannan karatu ne? Ai ko jakina ya san rago in an yanka ya mutu." Ta murguɗa mini baki ta shige wajen uwarta.

Watan bakwai ya fita, na takwas ya kusa rabawa, sama shiru. Sai wata safiya, ina dawowa daga masallaci, na tarar gari ya rikice. Wannan na jan jaki, wancan na neman sungumi, mata na ɗaure garin tafiya. Ana ta cewa an yi ruwa a tunga, ga shi nan a waya. Ina shiga gida salulata ta yi ƙara. Zali ta buɗe, sai ga muryar ubanta, cike da murna: "Baba, ku tashi, Allah ya kawo sauƙi! Ga ruwa nan an yi a tunga, ku duba." A ƙarƙashin muryar ga hoto mai motsi. Wallahi tungarmu ce. Ga kwarin da ke yamma da gonata ya cika yana gudu, ga babban gawon da muke hutawa a gindinsa, wani yana ta faɗin alhamdulillahi. Sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ban tsaya wata-wata ba, na shiga ɗaki na fasa lakar bakin tulu, na juye irin a buhu. Na ce wa uwar Zali ta haɗa mana abin da ya samu. Ina ɗaura wa jaki amalanke na lura Zali ba ta motsa ba. Tana tsugune a inuwar rumbu da salula, tana sake kallon abin.

"Madam, tashi ki ɗauko ƙwaryar shuka, yau ba lakwal."

"Kaka, zo ka gani. Akwai kibiya biyu a samansa."

"Kibiyar me kuma?"

"Mushe ya ce in ka ga kibiya biyu, abin ya bi hannu da yawa kafin ya zo. Ba Baba ya ɗauka ba. Baba shina Ikko, yaushe ya je tunga?"

Raina ya ɓaci. Rana na ɗagawa, danshi na gudu, yarinya na yi mini lissafin kibiya. Na daka mata tsawa: "Ubanki ne fa ya aiko! Ubanki maƙaryaci ne?"

Idonta ya kawo ruwa. Wata bakwai ba ta ga uban nan ba, muryarsa takan saurara sau goma a yini. Ta ce a hankali, "A'a, Kaka. Shi ma aiko mishi aka yi. Kuma mai maganar bai faɗi rana ba."

Na juya zan tafi, sai ta riƙe gefen rigata. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ruwan da ke gudu ya tsaya cak. Ban taɓa sanin ana iya tsai da shi ba. Ta sa yatsu biyu ta ware, sai gawon ya matso har ya cika fuskar salular.

"Ni ban san daji ba," in ji ta. "Kai ka sani. Ka duba da kyau."

Na karɓa don in rabu da ita. Na duba. Kowane manomi ya san halin gawo, shi da sauran itatuwa ba sa tafiya tare: da rani yake ganye, sai damina ta zauna sosai yake kaɗe shi. Na ɗaga kai na kalli gawon bakin garinmu, ga shi can da rabin ganyensa. Na cikin waya kuwa tsirara yake, ƙaya zalla. Na ce ta matsa gefe. Ta ja hoton da yatsa, sai ga tafasa a bakin kwarin, kore shar, ta kai gwiwa. Ruwan jiya ba ya fitar da tafasa ta kai gwiwa. Wannan ruwan tsakiyar wata damina ne da ta wuce, wa ya san ko ta bara ce ko ta bara waccan.

Na zauna a kan turmi. Na kwance jaki.

To, a nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Zali ta ce, "Kaka, mu je mu nuna wa Kaka Gado." Kafin in amsa sai ga amalankensa a ƙofar gida, buhun irinsa a tsakiya, shi a zaune gaba yana kaɗa sanda.

"Arzika! Kai barci kake? Ko tsufan ne ya kama ƙafa?"

Da na ce masa zo ka gani, da shi ke nan. Amma sai na hango yadda zai yi da ni. Gado ne fa. In ya ji ɗiya 'yar shekara goma ce ta zaunar da ni, har lokacin kaka yana ba da labarina a bakin kasuwa. In kuma ya zamana ruwan gaskiya ne, na hana shi shuka, ina zan sa kaina? Sai na ji bakina yana cewa, "Jakina ke ɗingishi. Ku yi gaba, ina nan tafe."

"Ka ga ruwan kuwa?"

"Na gani."

"To gani ya kori ji! Kar ka daɗe."

Zali ta buɗe baki, na harare ta. Na ce, "Yara ba sa shiga zancen manya." Ta tsaya tana kallon amalanken har ya sha kwana.

Bayan kwana biyu labari ya dawo, kuma ba irin wanda nake jira ba. Ashe an ɗan yi yayyafi a tunga, ya jiƙa ƙasa kamar yatsa biyu. Kwari dai a bushe suka same shi. Wasu suka juyo da irinsu. Amma Gado da wasu da yawa suka ce an riga an sha tafiya, jakai sun gaji, ga ɗan danshi, ga hadari kullum yana haɗowa, a shuka a bar wa Allah. Suka shuka. Kwana huɗu aka ce ya tsiro, layi-layi, gwanin kyau.

Wayyo, kwanakin nan! Ban taɓa jin baƙin ciki irin nasu ba. Mutane na da shuka a ƙasa, ni nawa yana cikin buhu. Gado ya dawo gari yana tafiya yana buɗa kafaɗa, in ya gan ni sai ya ce, "Ina mai jinya? Ya ƙafar jaki?" Ni kuwa sai na juye haushina a kan yarinya. Na daina ce mata Madam. In ta kawo mini fura in karɓa ban dube ta ba. Ita kuma ba ta fasa kawowa ba, ta ajiye, ta ɗan tsaya ko zan yi magana, ta tafi. Har lakwal na je, na tarar da Mushe Iliya yana kakkaɓe allo, na ce masa ya koya wa yara gardama da manya, ga shi ya jawo mini asara. Ya saurare ni har na gama labarin kibiya da gawon, ya karɓi salular ya duba. Ya ce, "Baba, ni ɗan cikin gari ne, ban san gawo ba. Kibiyar dai na sani. In kai ka ce gawon na tsakiyar damina ne, ni ban isa in musa maka ba." Na fito ina guna-guni, don ban samu wanda zan yi faɗa da shi ba.

Sama kuwa ta ɗaure. Kullum da la'asar hadari, kullum iska mai zafi ta kwashe shi. Kwana bakwai, kwana tara. Wani makiyayi da ya ratso ta tunga ya ce shukar ta fara murɗewa. Bayan kwana biyu wani ya ce ta kwanta, in ka taɓa sai ta marmashe a hannu. Gado ya daina fitowa bakin kasuwa. Ni ma ban yi murna ba, Allah ya sani. A ranar na kira Zali na ce, "Madam, kawo mini ruwa." Ta kawo, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Yau ka tuna sunana?" Na ce, "Tafi can, ɗiyar banza." Muka yi dariya mu biyu, uwarta ma tana daka tana murmushi.

Ran kwana na goma sha uku ruwan ya zo. Bayan azahar iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, zufa na bin baya. Sai gabas ta haɗe tun daga ƙasa har sama, ba gefe guda ba, ko'ina. Iska mai sanyi ta bugo, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin da in manomi ya shaƙa sai ya ji kamar ya ci ya ƙoshi. Sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya. Yara suka tuɓe suka fita suna ihu. Ɗakin bayan da na zare wa rufi ya cika taf, ko a jikina. Uwar Zali ta jera duk wata ƙwarya da tukunya a bakin indararo. Aka yi ta yi har magariba. Da asuba kwaɗi na ta kuka, na fita bayan gida na tona da hannu, har gwiwar hannuna danshi ne. Wannan ba sai an aiko a waya ba.

Muka ɗaura amalanke. Zali ta hau baya, buhun iri a tsakanin ƙafafunta, ƙwaryar shuka a cinya. Gari duk ya fito, wanda ya yi asara ya samo na kasuwa ko na dangi. Hanyar tunga ta ƙofar gidan Gado ta bi. Tun daga nesa na hango shi zaune a kan dutsen ƙofar gida, sunguminsa a jingine, yana tufka wata igiya da ba ta bukatar tufka. Na san Gado. Ya gwammace ya mutu a kan dutsen nan da ya buɗe baki ya roƙi iri. Na sunkuyar da kai, na ce in mun dawo na san abin da zan yi, na kaɗa jaki.

Sai na ji amalanke ya yi sauƙi. Na waiwaya, Zali ta dire, tana tsaye a tsakiyar hanya cikin taɓo, ƙwarya a hannu. Kallona kawai take yi.

Na ja jaki na tsaya. Na sauko da buhun, na kai shi gaban Gado na ajiye.

"Mene ne wannan?"

"Irin ubanninmu ne. Kawo buhu."

"Ban roƙe ka ba."

"Ba ka roƙa ba. Gado, jakina bai taɓa ɗingishi ba. Ranar nan na san ruwan na ƙarya ne. Yarinyar ga ta nuna mini, ta ce mu nuna maka, na hana ta. Tsoron bakinka na ji."

Ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana kallona, har na ji da ma ya zage ni in huta.

"Ka sani tun ranar?"

"Na sani."

"Shekara sittin muna tare, Arzika."

Ya tashi ya shiga gida, na ɗauka shi ke nan. Can sai ga shi ya fito da tsohon buhu, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya miƙa wa Zali.

"Zali, ke za ki zuba mini, ba shi ba. Kuma daga yau in kin ga wani abu cikin gilashin nan, kar ki biya ta wajen tsohon ga. Ki taho wurina kai tsaye."

"To, Kaka Gado."

Ta tsuguna ta fara ɗiba da ƙwarya. A raina kashi ɗaya cikin uku na yi niyya, don gonata ta fi tasa girma, kuma wa ya san ko za a sake shuka. Ta zuba ta kai inda na yanke, ta wuce. Na buɗe baki in ce ya isa, sai na tuna ba ni da bakin magana. Ta ci gaba da zubawa, tana ɗaga wannan tana ɗaga wancan, har buhunan biyu suka yi kai ɗaya.